Rumbun Mai Ƙaramin Ƙarfi: Tanadin Hatsi da Kayan Miya Kafin Ranar Tsanani

 



An nemi in yi magana a kan yadda magidanci mai ƙaramin ƙarfi zai tanadi abincin da zai jima bai lalace ba, wanda babu nama ko kifi a cikinsa, saboda ranar da kasuwa za ta yi tsauri. A wasu ƙasashe, kamar Indiya, miliyoyin mutane sun bar cin nama ne don addini ko al'ada. A nan kuwa yawancin waɗanda suka bar shi aljihu ne ya raba su da shi, wasu kuma likita ne ya hana su. Ko ma mene ne dalili, abu ɗaya ya haɗa mu: abin da ya tsiro daga ƙasa aka busar da shi ba ya neman firji, ba ya jiran wutar lantarki, kuma shi ya fi araha. Maganar da zan yi ta tsaya a kan abu uku, wato a saya da kaka, a busar sosai, a toshe kada iska ta shiga. Sauran duk bayani ne.

Me ya sa maganar ta taso

Ƙasar Hausa ta san yunwa har ta raɗa mata sunaye. Tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba, wadda ta afka wa Kano da kewayenta a 1913 zuwa 1914. Da yawa a cikinmu sun ga farin 1972 zuwa 1974 da idonsu. 'Yan'uwanmu na Nijar suna kiran yunwar 1984 da El-Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta, hatsi ya kasa ƙetarawa. A 2005 kuma, bayan fari da farin ɗango na shekarar da ta gabace ta, yankunan Maraɗi da Damagaram sun shiga mummunan hali, alhali akwai gero a kasuwa. Kuɗin sayensa ne ya gagari talaka.

Wannan na ƙarshe shi ya fi kama da abin da muke gani yau. A 2020 dokar kulle ta korona ta rufe kasuwanni. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da abin ba mai awo. Ranar 29 ga Mayu ta wannan shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, ya ja farashin komai. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa an rufe iyaka wata da watanni. Zuwa tsakiyar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har kasuwa. Ga kuma matsalar tsaro da ta hana dubban manoma a Zamfara da Katsina da Sakkwato zuwa gonakinsu.

Wani zai ce ai gwamnati na da rumbunan ajiya. Tana da su. A Fabrairun 2024 ta ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi. Ku raba wannan ga mutane fiye da miliyan 200, kowa zai tashi da kimanin giram 200, abin da bai kai cin mutum ɗaya na yini ɗaya ba. Ba aibata kowa nake yi ba, lissafi ne kawai, kuma ya nuna cewa rumbun da zai fara cetonka shi ne wanda ke cikin gidanka.

Tanadi daban, ɓoye kaya daban

Nakan ji wasu na cewa ajiye abinci rashin tawakkali ne. Malamanmu suna nan, za su gyara mini in na kauce. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yusufu, alaihis salam, da ya shawarci mutanen Masar su ajiye amfanin shekaru bakwai na yalwa saboda shekaru bakwai na fari, har ya nuna musu a bar hatsin a zangarniyarsa. Ya kuma tabbata a cikin Bukhari cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Abin da shari'a ta hana shi ne ɗan kasuwa ya kwashe abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi, ya kulle, yana jiran farashi ya ƙara tashi. Irin wannan zargi ne ya sa hukuma ta garƙame wasu ɗakunan ajiya a yankin kasuwar Dawanau ta Kano a Fabrairun 2024.

Saboda haka mai tanadi ya sayi iya cin gidansa, lokacin da kaya suka yi yawa a kasuwa. Kada kuma ya ɗauka jari ne. A 2025 farashin hatsi ya faɗo, waɗanda suka ajiye don riba da yawa sun yi asara. Wanda ya ajiye don ci kuwa bai rasa komai ba, tunda ya ci abinsa.

Me za a ajiye

Na farko, hatsi: gero, dawa, masara, da shinkafa in hali ya yi. A ajiye su tsaba, kada a niƙa. Kowace uwargida ta san garin gero ba ya daɗewa sai ya canja wari ya yi ɗaci, saboda ɗan man da ke cikinsa. Tsabar kuwa, in ta bushe, sai ta shekara. Garin kwaki da alabo da taliya suna da amfani a gefe, musamman garin kwaki da ba ya buƙatar wuta.

Na biyu, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku, shi ne abin da zai tsaya a madadin nama: wake, waken suya, gyaɗa, gurjiya da riɗi. Hatsi shi kaɗai yana cika ciki, amma sinadarin gina jiki da ke cikinsa yana da giɓi, kuma wake ne ke cike wannan giɓin. Shi ya sa shinkafa da wake, ko ɗanwake, ko tuwo da miyar gyaɗa, ko kunu da ƙosai, suke riƙe jiki fiye da yadda ake tsammani. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin wake sinadarin gina jiki ne. Na waken suya ya fi kashi ɗaya cikin uku, kuma daga gare shi ake samun awara da madara da daddawa. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, ga ƙuli-ƙuli bayan an matse. Gidan da ya dogara ga tuwon masara kawai na tsawon watanni yana iya gamuwa da ciwon da ke sa fata ta yi baƙi ta tsattsage, tare da gudawa. Ɗan abin da gyaɗa za ta ƙara a miya yana kare wannan.

Na uku, kayan miya. Nan iyayenmu mata suka fi mu sani: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, lalo, zogale, tafasa, kauɗar tumatir, barkono, gabu, daddawa, citta da kanwa. Shawara ɗaya zan ƙara. Ganye a shanya shi a inuwa, inda iska ke kaɗawa, domin rana tana ƙone amfanin da ke cikinsa. Ganyen da ya bushe yana nan kore ya fi wanda ya koma ruwan ƙasa. A haɗa da tsamiya da zoɓo da 'ya'yan kuka, domin garin 'ya'yan kuka yana ɗauke da sinadarin da ake samu a lemo, wanda jiki ke rasawa idan aka daɗe ba a ci ɗanyen abu ba.

Na huɗu, mai da gishiri da sukari. Manja yana taimakon ido da garkuwar jiki. Mai ba ya daɗewa kamar hatsi, don haka a ajiye na 'yan watanni, a rufe, nesa da rana. Gishiri a nemi mai sinadarin hana maƙoƙo.

Akwai abu ɗaya da tsirrai ba su bayarwa, wato bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata. Ana samun sa ne a nono da ƙwai da nama. Gidan da ba a cin nama ya yi ƙoƙarin ajiye madarar gari, ko a riƙa sayen nono da ƙwai jefi-jefi, musamman saboda mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara. Ga yaran da aka yaye, a soya gero da waken suya da gyaɗa sama-sama, a riƙa niƙa kaɗan-kaɗan ana dama musu kunu.

Nawa za a ajiye

Hukumomin agaji na duniya suna lissafa wa kowane mutum kalori 2,100 a rana. In aka mayar da wannan zuwa abin da muke ci, ya kama kusan giram 450 na hatsi, giram 80 na wake ko danginsa tunda babu nama, giram 25 na mai da giram 5 na gishiri.

Mu ɗauki gida mai mutum shida, na tsawon wata uku. Hatsi zai kama kilo 240 da ɗoriya, wato buhu biyu da rabi na mai kilo 100. Wake da gyaɗa da waken suya a haɗe, kusan kilo 45. Mai, lita 15. Gishiri, kilo 3. A awon Kano, inda buhu ke cin kwano 40, hatsin ya kama kwano 100, waken kuma kwano 18. Kwano da tiya da mudu sun bambanta daga gari zuwa gari, kowa ya gwada da na kasuwarsu.

Na ga wasu sun girgiza kai, kuma suna da gaskiya. Mai neman na yau ina zai ga kuɗin buhu biyu da rabi? Ba a ce a tara shi rana ɗaya ba. A fara da cin mako biyu: kwano 15 na hatsi da kwano 3 na wake. Mako biyun nan su ne ke raba gidan da dokar hana fita ko jinyar maigida za ta durƙusar da gidan da zai jure. In an cika mako biyu, a nufi wata ɗaya. Wata ukun da ya fi dacewa a yi wa shiri shi ne Yuni zuwa Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba.

Yadda za a saya da araha

Da sanyin safiya ake kama fara. Gero yana shigowa daga Satumba, masara da gyaɗa da wake da dawa su biyo baya har zuwa Disamba. A yawancin shekaru nan ne farashi ke sauka. Tumatir da tattasai da albasa kuwa nasu lokacin rani ne, sa'ad da na noman rani daga Kadawa da Kura da Garun Malam ke cika kasuwa har ana zubarwa. Wanda ya yanka ya shanya a lokacin, ba zai damu ba in tsutsar tumatir ta sake yin irin ɓarnar da ta yi a 2016.

Sayen buhu ya fi sayen kwano sauƙi, kasuwar ƙauye kuma ta fi ta unguwa. Gidaje huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, su wakilta mutum ɗaya amintacce ya je Dawanau, ko kasuwar ƙauye ranar cinta, a sayo a raba, kuɗin mota ma a raba. Masu adashi su tsara ɗauka ta faɗo da kaka, su kuma yi alkawari tun farko cewa kuɗin na abinci ne. Ma'aikaci ya ware wani abu daga albashin Nuwamba da Disamba. Wanda ko wannan ya gagara, duk ranar da ya je awo ya ƙara gwangwani biyu, uwargida ta zuba a jarka, kada a taɓa.

A duba kuma abin da ya fi araha a shekarar, ba abin da baki ya saba da shi ba. Sau da yawa kuɗin kwanon shinkafa ɗaya zai sayi fiye da haka na dawa ko masara. Waken suya yakan fi farin wake sauƙi, alhali ya fi shi gina jiki.

Ga manoma da ke cikinmu: babbar asara ita ce a sayar da hatsi da kaka don biki, a dawo ana sayensa da damina da tsada, wani lokaci ma da bashi. A fara fitar da zakka, a ware cin gida, sannan a kai rarar kasuwa. A Nijar an jarraba wata hanya tun ƙarshen shekarun 1990: ƙungiyar manoma ta kulle amfaninta a ɗakin ajiya, a ba ta rance a kansa, in farashi ya tashi a buɗe a biya. Ƙungiyoyinmu na iya duba wannan tare da malamai, a tsara shi ba tare da kuɗin ruwa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya ci bashi mai ruwa don ya cika ɗaki da buhuna.

Maƙiya uku: danshi, ƙwaro da ɓera

Yawancin abincin da ke lalacewa a gidajenmu tun ranar da aka zuba shi a buhu aka yi kuskuren, saboda bai gama bushewa ba. Ga gwaji mai sauƙi. A sami kwalba busasshiya, a zuba tsaba da ɗan gishirin da aka busar sosai, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar shanya. In aka ciji ƙwayar masara ta fashe da ƙara, alama ce mai kyau.

Danshi yana kawo hunhuna, kuma hunhunar masara da gyaɗa tana haifar da guba mai suna afulatoksin. Ba ta mutuwa da dafuwa. Kaɗan-kaɗan tana lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, tana kuma tsumburar da yara. Da yawa kuwa kisa take yi: a Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu saboda cin masarar da ta kamu. Don haka a tsince duk gyaɗar da ta yamutse, ko ta canja launi, ko ta yi ɗaci, a zubar. Kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita, kada a ba kaji ko shanu. Gyaɗa ta fi daɗewa in an bar ta a kwansonta.

Ƙwaro kuma, musamman na wake, tun daga gona yake biyo amfanin. Cikin 'yan watanni sai buhu ya koma gari da huji. Maganinsa mafi aminci shi ne a hana shi iska. Buhun PICS mai ninki uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, an samo dabararsa ne daga aikin da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi da takwarorinsu a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. Daga 2007 aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma, kuma a Kano ma ana ƙera shi. Kafin a zuba, a hura kowace leda a ga ba ta da huji. A zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban. Ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage, su mutu. Sharaɗin shi ne kada a riƙa buɗewa.

Mai ɗan kaɗan ba sai ya nemi wannan buhu ba. Jarkar man girki mai lita 25, in an wanke ta ta bushe ƙarau, tana cin kusan kwano 8 na wake. A cika ta har baki, a sa leda a ƙarƙashin murfi, a ɗaure tam. Robar lemo ko ta ruwa ma tana yi wa riɗi da barkono da kuka. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko kananzir, ko maganin feshi, ba a zuba mata abinci ko an wanke ta sau nawa. Dabarar kakanninmu ta cakuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka, awo da awo, ita ma tana aiki.

Ina roƙonku da Allah, a daina zuba wa wake fiya-fiya ko Sniper. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Saboda ragowar irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa a buhu kuwa tana fitar da iska mai kisa, ba ta dace da gidan da mutane ke kwana a ciki ba. In za ka sayi wake a kasuwa ka ji yana warin magani, ka bar shi.

Ɓera ba ci kawai yake yi ba. Fitsari da kashin wani nau'insa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. A daina shanya a gefen titi ko a ƙasa tsirara. A ɗora buhuna a kan katako, a ja su daga jikin bango, a toshe ramuka. Inda ake fargabar ambaliya, a ɗaga su sama sosai, kada kuma a tara komai a ɗaki ɗaya.

Ci daga tsoho, cike da sabo

Ajiyar da ba a ci daga cikinta ita ce ke lalacewa. A rubuta wata da shekara a jikin kowace jarka. A fara da wadda ta riga shiga, in ta ƙare a cike gurbinta. Tsohon wake yana taurin dahuwa yana cin makamashi, don haka a jiƙa shi tun dare. A tuna kuma cewa hatsi ba ya ciyuwa ɗanye: a tanadi ɗan gawayi ko itace, da ashana, da ruwan sha a rufe. A ajiye ƙuli-ƙuli da dabino da aya da garin kwaki saboda ranar da ba halin hura wuta.

Maigida ya zauna da uwargida su yi wannan lissafi tare, domin ita ta san kwano nawa gidan ke ci a mako, ita ce kuma mai riƙe da makulli. In Allah Ya hore, a sa maƙwabci a cikin lissafin, domin addininmu bai yarda mu kwana da ƙoshi shi yana kwana da yunwa ba. Kwano ɗaya cikin goma a ware shi da sunan marayu da tsofaffin unguwa. Masallatai da majami'u da ƙungiyoyin mata na iya tara irin wannan da kaka, a raba a watan Agusta.

Abin da nake nema ga kowane gida kafin wannan wata ya ƙare shi ne a auna cin mako guda a rubuta, a wanke jarka biyu a busar, a yi magana da maƙwabta uku a kan sayen buhu tare. Wanda ya yi waɗannan ya fara.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo mana zaman lafiya manoma su koma gonakinsu, Ya tsare mu daga yunwa da tsadar rayuwa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne.